MUƘALAR MAKO: Akwai Kujerar Marubuci a Ofishin da Ba Mu Taɓa Leƙawa Ba



Tun ranar 30 ga Nuwamba, 2022, da aka saki ChatGPT, da wuya mu yi zama, a ƙungiya ne ko a wannan zauren, ba tare da maganar ƙirƙirarriyar basira ta faɗo ba. Kuma kullum tambayar ɗaya ce: za ta ƙwace mana alƙalami? Tsoron ba na banza ba ne. Da yawanmu da ɗan rubutun talla, da fassarar takarda, da rubuta wa mutane wasiƙar neman aiki muke samun kuɗin data da na sabulu. Waɗannan kuwa su ne ayyukan da na'ura ta fara lashewa. Wanda a da zai kira mu ya ce a gyara masa takarda, yau wayarsa yake tambaya. Kasuwar littafi kuma ba sai an ba kowa labari ba. Ga takardar difloma tana kwance a jaka, ga iyaye suna kallonmu.

Abin da muke so mu faɗa a wannan makon shi ne, akwai wata sana'a da take neman irin kunne da idon da rubutu ya horar mana, kuma zuwan na'ura ya ƙara fito da darajarta. Ita ce sana'ar mai nazarin tafiyar aiki, wato mutumin da kamfani yake ɗauka ya bi diddigin yadda aiki yake tafiya daga hannu zuwa hannu, ya rubuta shi yadda kowa zai gane, ya nuna inda yake cijewa, kafin a ɗora shi a kan manhaja. Mun san sunan zai yi wa wasu nauyi a kunne, don haka bari mu shiga kasuwa.

Mu ɗauka wata 'yar kasuwa daga Maraɗi ta kira maigidan wani shago a Kantin Kwari ta ce a ɗaure mata dila biyu ta atamfa. Maigida ya amsa, ya faɗa wa babban yaronsa. Babban yaro ya rubuta a 'yar takarda ya aiki ƙarami sito. Mai sito ya fito da kaya, ɗan dako ya kai tasha, direba ya karɓa. Kuɗi kuma rabi ya biyo ta hannun ɗan canji tunda sefa ce, rabi bashi ne sai kaya sun ƙare. Ciniki ya faɗa, kowa ya yi hamdala. To, a ina aka rubuta cewa dila biyu ta bar sito, kuma wa ya rubuta? Idan turmi uku suka isa da tabo aka dawo da su, wa zai mayar da su cikin lissafi? Da farashin canjin wace rana za a biya bashin, ranar ɗaukar kaya ko ranar biya? Idan maigida ya tafi Umara, wa yake da ikon ba da bashi, kuma har na nawa?

Wanda ya iya zama ya yi waɗannan tambayoyin, ya samu amsarsu daga bakin mutum biyar, ya gano inda amsoshin suka saɓa wa juna, ya rubuta su a jere, ya yi nazarin tafiyar aiki ke nan. Duk marubucin da ya taɓa warware zaren labari ya san wannan aikin. Su wane ne a ciki, me kowa yake so, me ya faru, daga nan sai me, kuma in abu ya ɓaci wa zai ɗauki laifi.

Manyan kamfanoni suna tafiyar da irin wannan harka ne da babbar manhaja guda, wadda ake kira ERP, da take haɗa saye da sayarwa, da sito, da albashi, da lissafin kuɗi a wuri ɗaya. Idan mai sito ya danna cewa kaya sun fita, nan take akanta ya gani a littafinsa. Fitacciya a cikinsu ita ce ta kamfanin SAP na ƙasar Jamus, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa a 1972. Akwai ta Oracle, akwai Dynamics ta Microsoft, akwai kuma Odoo ta ƙasar Beljiyam, wadda take da samfurin kyauta da ƙananan kamfanoni suke iya amfani da shi. Kowace daga cikinsu tana buƙatar mutanen da za su kafa ta, su daidaita ta da aikin kamfani, su koya wa ma'aikata, su ci gaba da kula da ita shekara da shekaru. SAP ta sanar da cewa kulawar yau da kullum da take ba tsohuwar manhajarta za ta ƙare a ƙarshen 2027, sai dai wanda ya biya ƙari a ɗaga masa zuwa 2030. Wannan ya sa kamfanoni da yawa a duniya suna cikin hidimar ƙaura zuwa sabuwar, kuma ba a ƙaura sai an fara sanin abin da ke cikin ɗaki.

Mai karatu zai ce ai wannan aikin masu rubuta manhaja ne, ina ruwan marubucin labari? Ruwansa shi ne, manyan asarorin da aka tafka a wannan fage galibi ba daga rashin gwanayen kwamfuta suka taso ba. Kamfanin Lidl, mai dubban shagunan kayan masarufi a Turai, ya fara aikin komawa manhajar SAP a 2011. A 2018 ya watsar da aikin ya koma tsohon tsarinsa, bayan rahotanni sun ce ya kashe kusan Yuro miliyan 500. Ɗaya daga cikin dalilan da aka fi ambata abu ne da kowane yaron shago zai gane: Lidl yana ƙiyasta kayan da ke sitonsa da farashin sari, ita kuma manhajar an gina ta a kan farashin sayarwa. Kamfani bai sauya al'adarsa ba, sai aka yi ta yi wa manhaja kwaskwarima har kuɗi da lokaci suka ƙare. Tambaya ce da ya kamata a yi ta, a kuma yanke mata hukunci, tun ran gini.

Ba sai mun je Turai ba. A 2007 gwamnatin tarayya ta fara amfani da tsarin biyan albashi na IPPIS don toshe kafar ma'aikatan bogi, kuma manufar mai kyau ce. Amma da aka zo shigar da jami'o'i, malamai suka ce tsarin bai san yadda jami'a take aiki ba. Bai san malamin da yake zuwa koyarwa na wucin gadi daga wata jami'a ba, bai san hutun shekara na bincike ba, bai san wasu alawus da suka keɓanta da aikin koyarwa ba. Wannan taƙaddama tana cikin abubuwan da ASUU ta lissafa a yajin aikin 2020 da kuma na wata takwas da aka yi a 2022. A Disambar 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi daga tsarin. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, mu da muka zauna a gida ko muka ga yayyenmu da ƙannenmu suna zaune, mun san abin da ke faruwa idan manhaja da mutanen da za su yi aiki da ita ba su fahimci juna ba.

Akwai kuma misalin inda nazarin ya yi aiki. A 1990 wani malami Ba'amurke, Michael Hammer, ya ba da labarin sashen biyan 'yan kwangila na kamfanin motoci na Ford, mai ma'aikata sama da 500. Da suka leƙa kamfanin Mazda na Japan sai suka tarar mutum 5 ne suke wannan aikin. Ko da an yi la'akari da cewa Mazda bai kai Ford girma ba, tazarar ta yi yawa. Da aka bi diddigi sai aka gano ma'aikatan Ford suna ƙarar da lokacinsu ne wajen daidaita takardu uku, ta odar kaya, da ta karɓar kaya, da ta neman biya daga mai kawo kaya, suna farautar inda suka saɓa. Sai aka sauya tsari: mai karɓar kaya ya duba kwamfuta, in kaya sun dace da oda ya danna, biya ya tafi. Takarda ta uku ta zama ba a buƙatarta. Yawan ma'aikatan sashen ya ragu da kashi 75 cikin 100. Za mu dawo kan wannan adadin, domin akwai abin dubawa a cikinsa.

To ina ƙirƙirarriyar basira ta shigo? Ta shigo da ƙarfinta, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tana juya hirar da aka naɗa zuwa rubutu, ta taƙaita taro, ta zana daftarin taswirar aiki, ta rubuta lissafin Excel da mutum zai kwana yana nema. Microsoft ta saka Copilot a cikin manhajojinta, SAP ta fito da nata mai suna Joule a 2023. Akwai ma kamfanoni irin su Celonis na birnin Munich, da aikinsu shi ne karanta sawun da kowane dannawa ya bari a cikin manhaja, su zana yadda aiki yake tafiya a zahiri, da inda takarda take kwana uku a teburin mutum ɗaya. Wanda duk abin da ya iya shi ne rubuta bayanin taro da gyara jimla, na'ura ta riga ta zauna a kujerarsa.

Sai dai na'ura abin da aka shigar mata kaɗai take gani. A kasuwanninmu da ofisoshinmu kuwa, rabin aiki a baki yake tafiya. "Ba shi, ka rubuta a kaina." "Bari sai Alhaji ya dawo." "Wannan ɗan gida ne, ba a yi masa rasit." Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake barin sawu a kwamfuta, alhali su ne suke juya kuɗi. Kuma mai sito ba zai faɗa wa baƙo a zaman farko cewa yana da wani ƙaramin littafi a aljihu ba, wanda shi ne lissafin gaskiya, domin bai yarda da na ofis ba. Sai wanda ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, ya zauna a kan buhu ya sha shayi da shi, ya dawo washegari, shi zai ga littafin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowa yake nuna wa ba. Ana ba da labarin Taiichi Ohno na kamfanin Toyota cewa yakan zana da'ira da alli a daɓen masana'anta, ya tsayar da injiniya a ciki awa da awanni, ya ce ya yi ta kallo har sai ya ga inda ake ɓarnar lokaci. Mu da muke zama a tasha ko a layin asibiti muna sauraron yadda mutane suke magana don mu samu muryar tauraron labarinmu, mun daɗe a cikin wannan da'irar.

Akwai wani abu kuma da zai ba ku dariya. A wajen masu gina manhaja, gajeren bayanin abin da mai amfani yake buƙata, sunansa ma "labari". Jimla ce da take faɗin wane ne, me yake so, kuma don me. Misali: a matsayina na mai sito, ina so in ga kayan da suka kusa ƙarewa tun da safe, don in sanar da maigida kafin mai saye ya zo a ce babu. Tauraro, da buƙatarsa, da dalilinsa. Idan wannan jimla ta fito a karkace, injiniya zai gina abu mai kyau wanda ba wanda ya nema. Na'ura za ta iya rubuta irin wannan jimla guda ɗari cikin minti ɗaya, kuma duk za su yi daɗin karatu. Sanin wacce ce gaskiya a wannan shagon, sai wanda ya je.

Ga kuma maganar harshe. Manhajojin nan da Turanci suke zuwa, masu danna su a Singa da Dawanau da masana'antun Sharaɗa da Bompai kuwa da Hausa suke tunani. Wanda zai tsaya a tsakiya, ya ji Hausar mai awo ya mayar da ita buƙatar da injiniya zai gane, sannan ya dawo ya rubuta wa ma'aikata jagorar aiki da Hausa mai sauƙi, ba a samunsa a kowane lungu.

Yanzu bari mu saurari masu ja, domin suna da hujja.

Na farko, iya rubutu shi kaɗai ba zai ba kowa wannan aikin ba. Dole a san lissafi daidai gwargwado. Dole a san bambancin riba da kuɗin da ke hannu, a san yadda ake rubuta shiga da fita, a iya Excel har a wuce jera sunaye. Da yawanmu mun gudo wa lissafi ne muka faɗo adabi, kuma wannan gudun ba zai yi mana rana a nan ba. Wanda ya yi difloma a harkar kasuwanci ko akanta ko kwamfuta ya riga ya yi rabin tafiya, sauranmu sai mun koma aji.

Na biyu, yawancin guraben manyan kamfanoni suna Legas da Abuja, kuma suna neman gogewa. Gaskiya ne. Ga tsadar kwamfutar cinya, ga wuta, ga data. Ba mu ce hanya a share take ba. Amma gogewa ba a babban kamfani kaɗai ake samunta ba. Makarantar kuɗi ta unguwa, da kantin magani mai rassa biyu, da injin casar shinkafa, da ƙungiyar adashin mata, duk suna da tafiyar aiki, kuma yawancinsu ba wanda ya taɓa rubuta musu ita.

Na uku shi ne wanda ya fi damunmu, wato kashi 75 ɗin nan na Ford. A bayan adadin akwai mutane masu iyali. Mai nazari yana iya zama wuƙar da za a yanka abincin wani da ita, kuma mutumin da ya ba ka shayi ya nuna maka littafin aljihunsa yana iya zama na farko da za a ce ba a buƙata. Wannan nauyi ne na gaske, kuma ba mu da amsar da za ta share shi gaba ɗaya. Abin da muka sani shi ne, za a yi nazarin ko da mu ko ba mu. Gara a samu a teburin wanda zai rubuta a rahoto cewa mai siton nan ya san abokan ciniki ɗari da halin biyan kowannensu, kuma wannan sanin ba ya cikin kowace manhaja. Sannan amana ce a faɗa wa mutum tun farko abin da ake yi da bayanin da yake bayarwa. Wanda ba zai iya riƙe wannan amanar ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A kan amanar dai, kada ɗayanmu ya kwashi sunayen abokan cinikin wani, ko albashin ma'aikatansa, ya zuba wa ChatGPT don ya taƙaita masa. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma ko babu doka, sirrin mutane ne. Haka nan duk abin da na'ura ta rubuta sai an bi shi layi-layi, domin takan ƙirƙiri abin da babu, ta faɗe shi da cikakkiyar gadara.

Na huɗu, wani zai ce wannan ai kiran mutane ne su bar adabi. Mu kuwa muna ganin yunwa ta fi kowane ofis raba marubuci da alƙalaminsa. Mun ga 'yan uwa masu baiwa da suka daina rubutu don ba su da kuɗin caji. Kuma wanda ya shekara yana shiga sito da ofishin akanta zai fito da labaran da ba irin waɗanda muka saba maimaitawa ba.

Ga mai son gwadawa, ga inda za a fara ba tare da an kashe ko sisi ba bayan kuɗin data. A koyi zanen taswirar aiki da alamomin da ake kira BPMN. Ba su da wuya: da'ira ita ce farko da ƙarshe, akwati shi ne aiki, mai kusurwa huɗu a karkace shi ne wurin yanke shawara, sannan a ja layuka kamar kunyoyin gona, kowane ma'aikaci da kunyarsa. Ana zana su kyauta a draw.io, ko ma da biro a takarda. A dage da Excel, daga baya a taɓa SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. SAP da Microsoft duk suna da darussan kyauta a shafukansu. A leƙa Odoo a ga yadda oda take zama rasit, rasit ya zama lissafi. Gwamnatin tarayya ma tana da shirin 3MTT da ta ƙaddamar a 2023 don koyar da sana'o'in fasahar zamani, a riƙa sa ido a kan lokacin ɗaukarsu. Mai neman takardar shaida kuma, akwai cibiyar IIBA da aka kafa a Kanada a 2003. Matakinta na farko, ECBA, ba ya neman gogewar aiki, babban kuma, CBAP, sai an kawo shaidar awa 7,500 na aiki. Jarrabawar da dala ake biya, don haka kada a yi gaggawarta kafin a samu abin nunawa a hannu.

Abin nunawar shi ne aikinmu na wannan makon. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya da yake da ido a ciki, shagon kawu ne, ko makarantar da yaya take koyarwa, ko wurin mai POS na bakin layi. A nemi izini. A zaɓi aiki ɗaya tak, kamar karɓar kuɗin makaranta ko mayar da kayan da aka dawo da su. A tambayi mutum uku daban-daban yadda ake yinsa, kowa shi kaɗai. A rubuta shafi ɗaya: wa yake farawa, hannu nawa abin yake bi, a ina yake jira, a ina amsoshin mutum ukun suka saɓa. Kada a sa sunan kowa ko na wurin. Daga nan a nemi na'ura ta rubuta yadda ake wannan aikin ba tare da an ba ta komai ba, a ajiye nata kusa da naku a gwada.

A kawo mana shafin a ƙarƙashin wannan rubutun kafin Juma'a, mu karanta tare, mu yi wa juna gyara kamar yadda muka saba yi wa gajerun labarai. Masu ganin mun yi kuskure a wani wuri, musamman 'yan uwa da suke aiki a irin waɗannan ofisoshi, ƙofa a buɗe take.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya ba mu sana'a ta halal.